Littattafan Gurguzu a Hannun Ɗaliban Katsina, 1970 zuwa 1991

Masu nazarin tarihin ilmi a Katsina sun fi mai da hankali ga littattafan Larabci na zaure da kuma Kwalejin Katsina, wadda aka ɗauke daga birnin a 1938. Akwai wani rukunin littattafai da ya shiga gidajen birnin na tsawon shekara ashirin, amma ba a cika kula da shi ba, watau littattafan Markis da Lenin da Mao waɗanda ɗalibai suka riƙa tarawa.

A zamanin Turawa, musamman a shekarun 1950, gwamnati ta hana shigo da irin waɗannan littattafai. Ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda Tarayyar Sobiyat ta taimaki gwamnatin tarayya da makamai a cikinsa. Daga nan bugun kamfanin Progress na Masko da na maɗaba'ar harsunan waje ta Sin suka yawaita. Ba don riba ake buga su ba, saboda haka ga ƙarko ga araha, har ɗalibi kan iya sayen mujalladi mai kauri da ɗan abin da ya rage masa na guzuri.

Da yake babu jami'a a Katsina a lokacin, ta Zariya da Kano littattafan suka biyo. Ɗalibi zai saya a Samaru, ko ya gada daga wanda ya riga shi gamawa, ko ya tsinta a hannun 'yan gwanjo masu shimfiɗa a ƙasa, in an yi hutu ya sako su cikin akwati. A gida kuwa aro ne ke yawo da su daga hannu zuwa hannu, kuma ba kasafai suke komawa ga mai su ba.

Ba za a fahimci wannan ɗoki ba sai an ambaci Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya fito da For the Liberation of Nigeria a 1979, da The Transformation of Katsina a 1981. Jinin sarautar Katsina ne, amma shi ya zama Sakataren Gwamnatin PRP ta Balarabe Musa a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Haka nan Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Katsina, ya bi PRP alhali mahaifinsa jigo ne a NPN. Wannan ya nuna ba 'ya'yan talakawa kaɗai ke karatun ba. Wataƙila ma 'ya'yan manya sun fi samun sukuninsa.

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne, da Turanci ake karanta littattafan, amma da Hausa ake gardama a kansu. Ɗaliban ba su tarar da fili fayau ba, domin tun 1950 NEPU ta riga ta kaifafa kalmomin talaka da zalunci da sawaba. A kan wannan tushe aka ɗora gurguzu da jari-hujja da 'yan mazan jiya. Sau da yawa fassarar kan karkatar da ma'ana: ma'aikacin masana'anta da Markis ke nufi sai ya koma talaka, wanda a Hausa kishiyar basarake ne, ba kishiyar mai jari ba.

Kasuwar ta fara mutuwa daga 1986, shekarar da aka harbe ɗalibai a Zariya, Naira kuma ta faɗi a ƙarƙashin shirin SAP. A 1988 aka kori Patrick Wilmot daga ƙasar, a 1989 aka sallami Bala Usman, ko da yake kotu ta mayar da shi. Rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 ta toshe mafarin kogin ɗungurungum.

Abin da ya saura yana cikin akwatuna da kwabobin tsofaffin malamai, gara na ci, magada kuma kan sayar wa masu ƙosai da tsire. Matanin ba shi ne abin jimami ba, tunda yana nan a intanet. Abin da ba shi da madadi shi ne sunayen da aka rubuta aka soke a shafin farko, da kwanan wata, da ɗan sharhin da mai karatu ya yi da biro a gefen shafi, wani da Turanci, wani da Hausa.