Ɗaliban Ƙetare da Ilimin Raya Al'umma a Jami'ar Landan, 1949 zuwa 1972

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa sunan Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ba baƙo ba ne, domin a can ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙaro ilimin koyarwa daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano kuma ya bi sawunsa a shekarar da ta biyo baya. Abin da ba a faye ambata ba shi ne wani kwas da ya kafu a wannan cibiya bayan dawowarsu gida, watau kwas na horar da ma'aikatan raya al'umma, wanda ya riƙa tara ɗalibai daga Afirka da Asiya da tsibiran Karebiyan har fiye da shekara ashirin. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan kwas, da nuna cewa ɗaliban da aka aika don su ɗebo ilimi sun tafi da nasu guzurin, kuma da wannan guzuri ne aka gina wani babban sashe na fannin, har ita kanta Ingila ta ci moriyarsa wajen aikin kula da matasanta.

2.0 Asalin Fannin

Raya al'umma, a matsayin aikin hukuma mai ma'aikata da kasafi, ya samo tushe ne daga ƙarshen zamanin mulkin mallaka. A 1940 Majalisar Ingila ta kafa dokar raya ƙasashen da take mulka da kyautata jin daɗin mutanensu, sa'an nan a 1945 aka sabunta dokar, aka ware fam miliyan 120 da za a kashe cikin shekara goma. A tsakanin waɗannan dokoki biyu, cikin 1944, Ofishin Kula da Ƙasashen Mallaka ya fitar da rahoto a kan ilimantar da jama'a baki ɗaya a Afirka, wanda ya nuna cewa makarantar yara ita kaɗai ba za ta wadatar ba muddin an bar manya cikin duhun kai. Daga irin wannan tunani ne Yaƙi da Jahilci ya ɓullo a Jihar Arewa a farkon shekarun 1950.

A 1948 aka yi wani taron jami'an mulki a Kambirij, inda aka tsayar da ma'anar raya al'umma. Abin da taron ya yarda da shi shi ne, yunƙuri ne na inganta zaman jama'a tare da sa hannunsu, in da hali ma su ne za su fara ɗaga murya. Idan kuwa ba su motsa ba, sai a nemi dabarun zaburar da su. Mai lura zai ga cewa akwai tufka da warwara a cikin wannan bayani. Ana son aikin ya fito daga zuciyar talakawa, amma kuma hukuma ce ke riƙe da kuɗi da tsari da ranar da za a gama. Wannan ƙulli ne kowane ɗalibi ya riƙa ɗauka zuwa Landan.

Misalin da aka fi yayatawa a lokacin shi ne na Udi, a ƙasar Ibo, inda wani jami'in mulki mai suna E. R. Chadwick ya haɗa karatun manya da aikin gina hanyoyi da ɗakin haihuwa. An yi fim a kan aikin a 1949, har ya ci kyautar Oska. Sai dai abin da ya yi kyau a majigi bai cika samun irin wannan nasara ba a hannun ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da ikon Di'o.

3.0 Malamin da Ɗalibansa

Wanda aka ɗora wa nauyin wannan horo shi ne T. R. Batten, haifaffen 1904. Ya yi aiki a Ma'aikatar Ilimi ta Nijeriya daga 1927 zuwa 1943, inda ya rubuta littattafan jagora ga malaman tarihi da labarin ƙasa, sa'an nan ya zama mataimakin shugaban Kwalejin Makerere a Yuganda har zuwa 1949. A wannan shekara ya koma Jami'ar Landan, ya zauna a can har ya yi ritaya a 1972. Matarsa Madge ta kasance abokiyar aikinsa a aji da kuma wajen rubuce-rubuce.

Ɗaliban da ya tarar ba yara ba ne masu neman digirin farko. Galibinsu ma'aikata ne da suka yi shekaru suna rangadi a ƙauyuka: jami'an jin daɗin jama'a, da malaman karatun manya, da ma'aikatan gona da na tsabta, da masu kula da ƙungiyoyin samari. Gwamnatocinsu ne kan turo su. Indiya ta ƙaddamar da gagarumin shirinta na raya karkara ran 2 ga Oktoba 1952, Gana kuma, tun tana ƙasar Gwalkwas, ta kafa ma'aikatar jin daɗin jama'a da raya al'umma wadda ta yi suna ƙwarai. Saboda haka bukatar horarrun ma'aikata ta yi yawa, jami'o'in gida kuwa ba su riga sun fara koyar da fannin ba.

A nan ne wahalar koyarwa ta bayyana. Ba zai yiwu malami ɗaya ya tsaya gaban mutumin Malaya da na Jamaika da na Nijeriya ya karanta musu dokar da za ta yi aiki a ƙauyukansu duka ba, alhali kowannensu ya fi shi sanin mutanensa. Hanyar da Batten ya bi ita ce ya rage lacca, ya nemi kowane ɗalibi ya kawo labarin wani aiki da ya sani, musamman wanda ya ci tura. Labaran kan yi kama da juna: ma'aikaci ya shawo kan dagaci, an taru an gina rijiya ko ɗakin taro, ma'aikaci ya bar garin, abin ya lalace babu mai waiwayarsa. Sai 'yan aji su zauna su tantance inda aka kuskure, da abin da ya kamata a yi tun farko, da darasin da kowa zai koma da shi.

Daga ɗaruruwan irin waɗannan labarai ne Batten ya fitar da ra'ayin da aka san shi da shi, watau aiki ba tare da yanke wa jama'a hukunci ba. Gundarin ra'ayin shi ne ma'aikaci ya taimaki mutane su gane bukatarsu, su auna hanyoyin da ke gabansu, su zaɓa da kansu, maimakon ya zo da shawara a aljihu yana neman a amince. Bai ce umurni ba shi da wuri ba. Idan annoba ta ɓarke, alal misali, ba a jiran doguwar muhawara. Littattafansa na 1957 da 1962 da 1965 da 1967 duk a kan wannan harsashi suke, na 1965 kuwa kusan gaba ɗayansa nazarin labaran da ɗalibai suka kawo ne.

4.0 Yadda Ilimin Ya Koma Ingila

A daidai wannan lokaci Ingila na fama da matsalar nata matasan. Rahoton Albemarle na 1960 ya nuna cewa aikin kula da matasa ya taɓarɓare, ya nemi a ƙara yawan cikakkun ma'aikata daga 700 zuwa 1,300, aka kuma buɗe kwalejin horar da shugabannin matasa a Lesta a 1961. A 1969 wani rahoton ya ba da shawarar a ɗaure aikin matasa da aikin al'umma wuri ɗaya, abin da ya sa kwasa-kwasai da yawa a ƙasar suka ɗauki sunayen biyu a haɗe. Masu koyarwa a wannan sabon fage sun tarar cewa rubuce-rubucen da suka fi zurfi a kan yadda ake aiki da jama'a su ne waɗanda aka gina a kan ƙauyukan Afirka da Asiya. Jami'an mulkin mallaka da suka koma gida bayan samun 'yancin kai su ma sun shiga aikin, kuma da hannunsu aka fara buga mujallar raya al'umma a 1966. A 1970 Batten da matarsa suka fitar da littafi a kan aikin matasa, wanda ya bi salon nazarin labarai ɗin nan, amma a wannan karo daga kulob-kulob na Ingila.

Ke nan dabarar da aka gwada da ɗaliban ƙetare ita aka juya aka horar da 'yan ƙasa da ita. Sunayen mafi yawan waɗannan ɗalibai ba su fito a bangon littafi ba.

5.0 Abin da Ya Biyo Baya

Abubuwa biyu suka sauya tafiyar. Na farko kuɗin makaranta: a 1967 gwamnatin Ingila ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo, ta sa wa baƙo fam 250 a shekara alhali ɗan ƙasa na biyan kimanin fam 70, sa'an nan daga 1980 aka ɗora wa baƙo cikakken kuɗin karatunsa. Na biyu, horon ya matso kusa da gida. A 1973 shugabannin ƙasashen Kwamanwel suka amince da kafa shirin matasa na ƙungiyar, aka buɗe cibiyoyin horo a Lusaka ta Zambiya, da Candigar ta Indiya, da Jojtawun ta Guyana, inda aka riƙa ba da difloma a kan aikin matasa. Jami'o'in Afirka su ma suka buɗe sassan karatun manya da na aikin jin daɗin jama'a.

6.0 Kammalawa

Tarihin wannan kwas yana da darasi ga ɗalibin da ke shirin ƙetare teku don karanta fannin, da malamin da ke koyar da shi a gida. Bahaushe ya san gayya tun kafin taron Kambirij, ya san Sarkin Samari da aikin da yake yi wajen haɗa kan matasa, kuma ya san bambancin gayya da aikin tilas ko da an kira su da suna ɗaya. Wannan bambanci shi ne ainihin abin da ajin Batten ya shekara ashirin yana tattaunawa. Ɗalibin da ya ɗauka cewa abin da ya gani a ƙauyensu ba ilimi ba ne sai an faɗa masa da Turanci, zai dawo da takardar shaida, amma ya bar mafi darajar abin da ya tafi da shi a cikin akwati. Aikin da ya rage wa masu bincike shi ne tattara irin waɗannan labarai daga bakin tsofaffin ma'aikatan raya karkara da malaman Yaƙi da Jahilci da suka rage, a rubuta su da Hausa, tare da sunayen masu su.