Daga Dirki zuwa Shan Inna: Abin da Ya Sa Camfi Ke Daɗewa a Ƙasar Rano

Wajen shekarar 1807 aka kashe Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe daga gidan Kutumbawa, a garin Burumburum da ke nan kudancin ƙasar Kano, bayan rundunonin jihadi sun fitar da shi daga birni ya yi ta neman mafaka tsakanin Zazzau da ƙasar Rano. Kowane ɗalibin tarihi yana iya lissafa abubuwan da suka kayar da shi: yunwar da aka yi a zamaninsa, da malamai da Fulanin da suka amsa kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da kashin da ya sha a yaƙin Ɗan Yaya. Sai dai littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ajiye wani dalili daban, kuma shi ne ya fi zama a zukata.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki akwai wani abu a fadar Kano da ake kira Dirki, wanda aka naɗe da fatu ana yi masa yanka. Littafin ya ce fadawa sun nemi Alwali ya ba da shanu arba'in domin Dirki, ya ƙi. Da suka tsoratar da shi da abin da zai biyo baya, sai ya fusata ya sa samari suka sassare abin da gatura. Alƙur'ani aka tarar a ciki. Mutane suka ce masa yadda ya fitar da littafin daga mazauninsa, haka shi ma za a fitar da shi daga ƙasar. Aka kuwa fitar da shi.

A ganina, wanda ya fahimci yadda wannan labari ya rayu ya fahimci rabin sirrin camfi. A cikin shekarun nan guda Katsina ta faɗi, Daura ta faɗi, Zazzau da Alƙalawa suka bi baya a 1808, alhali ba a sare Dirki a ko ɗaya daga cikinsu ba. Hasali ma, littafin da ya kawo mana labarin ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello ɗan Dabo, wato an kammala shi shekaru kusan tamanin bayan mutuwar Alwali, lokacin da kowa ya riga ya san ƙarshen zancen. Da Alwali ya ci yaƙin, da wuya mu ji wani ya ambaci gargaɗin fadawa. Duban da ya ci shi ake rubutawa, wanda bai ci ba kuwa ba shi da marubuci.

Haka abin yake a gidajenmu na Rano da Kibiya. Mujiya ta yi kuka a kan tsamiya dare ɗari ba wanda ya ƙirga, ranar da kukanta ya dace da rasuwar wani dattijo sai unguwa ta riƙe shi shekara ashirin. An hana mu shara da dare, da zama a dokin ƙofa da almuru, da zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bismilla ba don kada a ƙona 'ya'yan aljannu. Masu son kare al'ada kan ce kowane camfi hikima ce da aka lulluɓe: kafin zuwan fitila mai shara cikin duhu yana iya kwashe allura ko ya taɓo kunama, ruwan zafi kuma yana iya samun yaro mai rarrafe. Na yarda da wannan a wasu wurare, amma ban yarda ya game duka ba. Ban ga hikimar da ke cikin hana yaro cin ƙwai wai don kada ya tashi ɓarawo ba, in ban da cewa ƙwan yana da kuɗi a kasuwa, yaron kuma ba shi da bakin magana.

Ɗaya rabin sirrin ya fi wannan nauyi. Masanin al'adu Evans-Pritchard, a littafinsa na 1937 kan al'ummar Azande ta Sudan, ya kawo misalin da kowane manomin Kibiya zai gane: rumbu ya faɗo kan mutanen da ke hutawa a inuwarsa. Azande sun san gara ce ta cinye ƙafafun rumbun, ba su jahilci wannan ba. Abin da suke tambaya shi ne dalilin da ya sa ya faɗi a daidai wannan sa'a, a kan waɗannan mutane. Gara ba ta amsa wannan tambaya, maita kuwa tana amsawa. A wurinmu ma mai amsar takan zo da suna da fuska, kuma sau da yawa fuskar tsohuwa ce marar gata, wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata in an nuna ta da yatsa.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a sunan da muke kiran cutar foliyo. Shan inna muke cewa, kuma Innar nan ba kowa ba ce illa wata babba daga cikin iskokin bori, wadda aka yi imani tana shanye ƙafa ko hannun yaro. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna yadda iskoki suka saje da aljannu a tunanin jama'a, ta yadda zuwan Musulunci bai kore su ba, mazauni kawai suka sauya. To, sai a dubi halin cutar kanta. Ƙwayarta tana bin ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata, tana shiga yara da yawa a unguwa guda, amma mafi yawansu ba sa nuna wata alama. Kusan ɗaya cikin ɗari biyu ne ke shanyewa. Uwar da ta ga ɗanta ya kwanta da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta saki, alhali 'ya'yan maƙwabta da suka sha ruwan rijiya guda suna ta guje-guje, me za ta kira wannan in ba zaɓe ba? Idonta bai yaudare ta ba. Abin da ta gani ya fi kama da aikin mai niyya fiye da aikin ruwa, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata sauran yaran da ƙwayar ta shiga ta fita.

Ya kamata a yi wa Inna adalci a wuri guda: ba ita ta dakatar da rigakafi a Jihar Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 ba. Wannan ya taso ne daga jita-jitar an gurɓata maganin don hana haihuwa, a garin da bai manta gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a 1996 ba. Amma uwar da ta riga ta yarda iska ce ta shanye ɗanta ba ta ga abin da ɗigon ruwa biyu a baki zai tsare ba, don haka jita-jitar ta tarar da ƙofa a buɗe. Sai da aka shigo da sarakuna da dagatai da limamai, aka bi gida-gida shekara da shekaru, kafin a kai ga watan Agustan 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. A duk tsawon wannan aiki, a rediyo da allunan asibiti da bakin masu ɗiga maganin a ƙauyukan Rano, sunan da aka yi ta kiran cutar da shi shi ne shan inna.