Mai Wabi da Ciwon Huhun Yara Masu Sikila

'Yan uwana mata na Anka, Gummi da Bukkuyum. Kun san matar da 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana, kakanninmu mai wabi suke ce mata. To, wasu cikin yaran nan amosanin jini ne da su, wato sikila, kuma sau da yawa ciwon huhu ne ajalinsu.

A 1910 wani likitan Amurka, James Herrick, ya fara bayanin jinin da ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje. Daga baya aka gano cutar tana lalata saifar yaro tun yana goye, alhali saifa ce ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. A 1986 bincike a Amurka ya nuna shan penisilin kullum yana rage mummunan kamuwa da ƙwayar limoniya da kashi 84 cikin ɗari. A ƙarshen 2014 Najeriya ta fara allurar rigakafinta, ana yi wa jariri a sati 6, 10 da 14.

Don haka 'yar uwa, in yaronki mai sikila ya yi zazzaɓi, numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Aika a kira maigida, a tafi asibiti ko da dare ne.