Daga Ƙarfen Bariki Zuwa Agogon Alhazai

Kafin zuwan Nasara, mutanen Damagaram da inuwa da kiran salla suke auna yini: hantsi, walaha, azahar, la'asar. Ko a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙera igwa ya kuma kewaye Birni da ganuwa, ba a bukatar sanin minti. Bayan yaƙin Tirmini na 1899, Faransawa suka kafa bariki a Zinder, garin ya zama babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokaci kuwa ya koma abin da ake bugawa a ji. Shi ya sa har yau Bahaushe ke tambayar ƙarfe nawa. Ita kanta kalmar agogo aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa.

Agogon hannu ya fara ne a matsayin alamar muƙami. Akawu da malamin lakwal da mazan jiya da suka komo daga yaƙin Turai su ne masu ɗaura shi, wasunsu ƙirar Lip ta garin Besançon, kamfanin da aka kafa a 1867. Amma wanda ya shiga gidajen talakawa shi ne Seiko 5 na Japan, wanda ya fito a 1963, mai wana kansa da motsin hannu. Alhazai suka riƙa kawo shi tsaraba daga Makka da Jidda, ranakun mako rubuce da Larabci, fatake kuma suka biyo da shi ta hanyar Kano. Agogon batir na quartz, wanda Seiko ɗin ya fara sayarwa a 1969, shi ya karya darajarsa daga baya.

Yanzu da masu tara kayan tarihi ke neman tsofaffin, sai jabu ya yawaita, kuma mafi wuyar ganewa ba jabun ƙarara ba ne. Haɗe-haɗe ne: inji daga wannan, murfi daga wancan, fuska sabon fenti. A kasuwar duniya irin wannan ya fi fitowa daga Indiya.

Gwanin mai gyaran agogo, ko a Kasuwar Dole ko a Sabon Garin Kano, da murfin baya yake farawa. Lambobi huɗu na farko a lambar samfuri, kamar 6309 ko 7009, sunan injin ne. Dole su dace da ƙananan lambobin da ke ƙasan fuska wajen ƙarfe shida, su kuma dace da abin da aka zana jikin injin idan an buɗe. Dillalin da ya hana a buɗe ya riga ya ba da amsa. Akwai kuma lambar ƙira: adadin farko shekara, na biyu wata. Inji 7S26 bai fito ba sai 1996, saboda haka mai cewa kakansa ya sayo shi a hajjin 1975 labari yake sayarwa.

Sai a dubi hannun daƙiƙa. Na asali yana tafiya a hankali, bugu shida a daƙiƙa guda, na batir kuwa tsalle yake yi ɗaya-ɗaya. Fuskar da ta sha ranar Damagaram da ƙurar hunturu shekara arba'in ba ta sheƙi kamar sabon kwano, kuma sinadarin haske na hannuwa da na lambobi tare suke tsufa, su koma launin ƙasa-ƙasa iri ɗaya.