Sa'ad da Kaduna ta naɗa wa littafi rawani

Duk motar da ta tashi daga tashar Mando ta nufi yamma, ta wuce Buruku da Birnin Gwari, sai ta ratsa Kagara kafin ta kai Tegina. A wannan Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, kuma nan ne garin wansa, Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki. Fasinjan da ke zaune yana jiran mota ta cika ba wannan ne a ransa ba, hankalinsa na kan lafiyar hanya. Amma waɗanda suka tashi a Mando cikin shekarun 1980, a gidajen barikin sojan sama ko a cikin unguwa, sun san Imam ko da ba su taɓa buɗe littafinsa ba. A akwatin talabijin suka gamu da shi.

Talabijin ta zo Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin tarayya ta tattara gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin NTA. Gidan na Kaduna ya yi suna da wasanni irin Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero, waɗanda duk rayuwar yau da kullum suke nunawa: bariki, kasuwa, rikicin maƙwabta. A ƙarshen shekarun 1980 aka yi abin da ya fi waɗannan wuya. Aka ɗauko Magana Jari Ce, wanda kashinsa na farko ya fito tun 1937, aka mai da shi wasa mai dogon zango, Debrah Ogazuma tana ba da umarni, Ƙasimu Yero yana cikin manyan 'yan wasa.

Wanda ya zaɓi littafin ya san abin da yake yi. A kashi na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla yadda zai hallaka yaron, aku kuwa kullum dare sai ya tsare shi da sabon labari har gari ya waye bai fita ba. Wato Imam ya riga ya yanka littafinsa kashi-kashi tun talabijin ba ta zo ƙasar ba: kowane mako labari guda, da zaren da ke sa mai kallo ya dawo. Abin da ya rage wa masu shiri shi ne su gina duniyar, da fada da zaure da dogarai, da alkyabba da dawakai masu ado, kuma a kauce wa turakun lantarki da rufin kwano. Da Turanci aka nuna wa ƙasa baki ɗaya, don ɗan Inugu da ɗan Ibadan su bi labarin. An samu masu kallo, amma an yi asarar wani abu mai tsada, domin rabin daɗin Imam a bakin Hausarsa yake.

Ba shi ne littafin farko da aka ɗauka a hoto ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da cinikin bayi ya raba da mahaifiyarsa har ya ƙetare hamada, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan daɓe, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Sai dai duka biyun ba littattafan soyayya ba ne, kuma a nan muka bambanta da wasu ƙasashe. A Ingila, BBC ta daɗe tana komawa ga tsofaffin labaran aure da ƙauna. A 1995 ta nuna Pride and Prejudice na Jane Austen, littafin 1813, cikin kashi 6, da tufafi da keken doki na zamaninsa. Mu ma muna da irinsa tun farkon boko. Cikin littattafai biyar da suka fito daga Zariya bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda East ɗin ya rubuta tare da John Tafida. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana sonsa, sai attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani da dukiya ya aure ta. Abubakar ya bar gari neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, ya lalace da sata har abin ya ci mahaifinsa. Ga so, ga kuɗi, ga iyayen da suka karkata wajen mai hannu da shuni, ga fansar da ta ci wanda bai ji ba bai gani ba. A ganina babu tsohon littafin Hausa da ya fi shi dacewa da wasa mai dogon zango, amma bai samu gatan da Magana Jari Ce ya samu ba.

Kuɗi ne babban dalili. Tsarin tsuke bakin aljihu da aka shiga a 1986 ya rage wa gidajen talabijin na gwamnati ƙarfi, aka koma neman mai ɗaukar nauyin shiri. Daga 1990, bayan fim ɗin Turmin Danya, harkar ta koma Kano da kaset ɗin bidiyo. A can littattafan soyayya suka samu shiga: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, duk an mai da su fim. Amma labaran zamaninsu ne, ana ɗaukarsu a falon aro da motar aboki. Mai shirin da ke jiran kuɗinsa su dawo daga kasuwa cikin 'yan makonni ba zai yi hayar dawakai ya kwashe mutane zuwa ƙauyen da ba lantarki ba.

Yanzu wasa mai dogon zango ya dawo da ƙarfinsa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasannin Daɗin Kowa da Labarina sun nuna cewa mutane za su bi labari shekara da shekaru. Matasa kuma suna kallon Ertugrul na Turkiyya a wayoyinsu, fassarar Hausa, suna jin daɗin takubba da tantuna na wata al'umma. Ashe masu son wasan tarihi suna nan. Littattafan ma sun ƙaru, domin So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, na 1980, shi ma ya zama tarihi: rugar Fulani da soyayyar da ba waya, sai aike da jira.

Kafin a yi sabo kuwa, akwai tsohon da ke bukatar ceto. Fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace wa idon jama'a shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiyar fina-finai a Legas, aka gyara su a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Kaset ɗin talabijin na shekarun 1980 ya fi wannan saurin lalacewa, zafi da laima na cin sa. Duk wanda ke riƙe da Magana Jari Ce na NTA Kaduna, hukuma ce ko mutum, ya kamata ya juye shi a kwamfuta tun ana iya kunna shi.