Ɗan Maraya Jos da Waƙar Talaka

A da, makaɗin Hausa yana da ubangida: sarki, ko attajiri, ko masu wata sana'a kamar mahauta da maƙera. Shi yake yi wa kirari, shi kuma yake ci da shi. Mahaifin Adamu Wayya ma a wannan turba yake, makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. An haifi Adamu a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, ya tashi ana ce masa Ɗan Maraya.

Bukuru da Jos garuruwan haƙar kuza ne. Lebura da direba da mai tuwo-tuwo, kowa baƙo ne, kowa ci-rani ya kawo shi. Waɗannan ne ya buɗi ido ya gani, su ne kuma suka zama iyayen gidansa. Bai tara 'yan amshi ba. Shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce Waƙar Karen Mota, wato yaron da ke lodi, yana sa wa taya waigi, yana kwana a tasha. Wa ya taɓa tunanin wannan bawan Allah zai sami mawaƙi?

A nan nake ganin kishin ƙasarsa, fiye da ko'ina. Gaskiya ne lokacin yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi, daga baya kuma gwamnati ta ba shi lambar girma. Amma wanda ya yi waƙoƙin Auren Dole da Jawabin Aure ya san ƙasa a cikin gida take gyaruwa ko ta lalace.

Bahaushen Zongo Lane ko Nima ko Maamobi a Accra ba ya bukatar tafinta ya fahimci waƙoƙin Ɗan Maraya. Fataucin goro da aikin soja ne suka kawo kakanninsa gaɓar teku, shi ma zaman baƙunci ya gada, kuma yaron mota da ke kiran fasinja a tashar Nima ɗan'uwan na Jos ne a sana'a.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa.