Dalma da Tozon Beyar: Tarihin Neman Harsashin da Ya Dace

A ƙarshen watan Afrilu na 1805, ayarin Meriwether Lewis da William Clark, wanda Shugaba Thomas Jefferson ya tura ya ratsa yammacin Amurka har bakin teku, ya kashe beyar girizili ta farko a gefen Kogin Misuri. Tun suna cin hunturu a ƙasar ƙabilun Mandan da Hidatsa aka gargaɗe su cewa wannan dabba ba a tunkararta sai cikin gayya, mutum shida ko takwas ko goma, da shiri irin na yaƙi. Lewis ya ɗauki gargaɗin a matsayin tsoron masu kwari da baka. Da ya ga yadda ta farkon ta faɗi, sai ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa a gaban gwanin bindiga abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ashe ƙarama ya gamu da ita.

Ranar 5 ga Mayu, Clark da maharbin ayarin, George Drouillard, suka yi karo da wani ƙasurgumin namiji. Harsashi goma suka ɗirka masa, biyar ta huhu, amma ya yi iyo zuwa wani tsibirin yashi a tsakiyar kogi, ya yi ta ruri kusan minti ashirin kafin ya mutu. Kwana tara bayan haka mutum shida suka lallaɓa suka kusanci wata beyar. Huɗu suka harba, biyu suka riƙe nasu don ko-ta-kwana. Ta taso musu, biyun suka saki wuta, ɗaya ya karya mata kafaɗa, duk da haka ta tarwatsa su. Biyu daga cikinsu suka yar da bindigogi suka diro cikin kogi daga gaɓa mai tsayi, ta biyo su, sai da wani daga tudu ya same ta a ka. Da aka feɗe, harsashi takwas aka ƙirga.

A ganina waɗannan ranaku biyu su ne mafarin muhawarar da maharban Amurka suka shafe ƙarni biyu suna yi, kuma laifin ba na hannun maharban ba ne. Bindigarsu ta ɗuri ce, 'yar uwar wadda muke kira harba-ruga: a zuba albarushi ta baki, a cusa dunƙulen dalma, a daddage da sanda, ƙanƙara ta ba da wuta. Dunƙulen dalma mai laushi ne, kuma ba shi da nauyin da ya dace da faɗinsa, don haka in ya daki ƙashi sai ya baje ya tsaya. Ita kuwa girizili tana da tozo a kan kafaɗu, wanda zallar tsoka ce ta haƙar ƙasa, ga gashi mai kauri, ga kitsen kaka, ga ƙashi. Ko an same ta a huhu, tana da sauran numfashin da za ta cim ma wanda ya harbe ta kafin ya sake ɗuri.

Amsar farko da aka ba wannan matsala ita ce ƙara girma. 'Yan'uwan nan Jacob da Samuel Hawken na birnin St. Louis sun yi suna wajen ƙera wa masu farautar fatu bindigogi masu kaurin bututu, waɗanda faɗin bakinsu ya kai rabin inci ko ya ɗara. Amsa ta biyu ta zo lokacin da aka haɗa albarushi da dalma cikin kwanson tagulla guda, aka kuma sami bindiga mai ɗaukar harsashi da yawa. Theodore Roosevelt, wanda ya kashe girizili a Duwatsun Bighorn a 1884, ya fi yabon Winchester mai cin harsashin .45-75. Lambar farko faɗin harsashin ce a ma'aunin inci, ta biyu kuma nauyin albarushin da ke bayansa. Daga nan maharbi ya daina dogaro da harbi ɗaya tak.

Sai dai gyara ya haifi sabuwar ɓarna. A 1884 ɗin Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ke tura harsashi da gudun da dalma tsura ba ta jurewa. Aka sa mata riga ta jan ƙarfe. In rigar ta rufe ta ruf, harsashin kan wuce kamar allura ya bar dabba da rai. In kuma ta yi siriri, sai ya tarwatse a kan kafaɗa bai kai zuciya ba. Harsasai irin .30-06 na 1906 da .375 H&H na 1912 sun kawo ƙarfi isasshe, amma ƙarfi dabam, shiga jiki dabam. Wanda ya warware ƙullin shi ne John Nosler, bayan harsashinsa ya gaza ratsa kafaɗar wata ƙatuwar dabba dangin barewa, mai suna mus, wadda laka ta bushe a jikinta, a British Columbia ta Kanada a 1946. Ya ƙera harsashi mai katanga a tsakiya: gaba ya buɗe kamar lema ya faɗaɗa rauni, baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da wannan nasara ta iso. Kafin a kammala harsashin, an kusa kammala da beyar. A Kalifoniya, jihar da har yau hoton girizili ke kan tutarta, an daina ganinta tun shekarun 1920. An kiyasta cewa a da akwai kimanin 50,000 a yammacin Amurka, ban da Alaska. A 1975, da gwamnati ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, ba su kai 1,000 ba. Ba zan ɗora wa bindiga wannan duka ba, domin gubar da masu kiwon shanu da tumaki suka riƙa zubawa a mushe, da tarkon ƙarfe, da ladar da ake biya kan kowane kai, sun yi aikin da ya fi na maharba. Amma bindiga ce ta cire tsoron da ya daɗe yana yi wa dabbar katanga.

Akwai labarin da masu son manyan harsasai ba su cika son ji ba. A 1953 wata dattijuwa 'yar ƙabilar Cree, Bella Twin, tana farautar ƙananan namun daji kusa da Slave Lake a Alberta, ta yi kiciɓis da wani ƙaton namiji. Bindigarta mai cin harsashi ɗaya ce, .22, irin ta harbin zomo. Ta bari ya matso, ta same shi a gefen kai inda ƙashi ya fi siriri, ya zube, ta ƙara masa wasu. Ƙoƙon kansa ya zama mafi girma a kundin masu auna girizili na lokacin. Ba wani maharbi mai hankali da zai kwaikwaye ta da gangan, amma ta san inda za ta sa dalmarta, sanin da mutum shidan nan na Misuri ba su da shi.

British Columbia ta haramta farautar girizili a Disamba 2017, in ban da ta ƙabilun asali. A Alaska ana ci gaba da yi bisa lasisi, kuma 'yan rakiyar maharba a can sukan fi son baƙo ya zo da .30-06 da ya saba da ita, ɗauke da harsashi mai nauyi wanda ba ya tarwatsewa, a kan ya zo da ƙatuwar bindigar da yake runtse ido kafin ya ja kunamarta.